Inda Wuƙa Ta Ci

A ɗakin ajiyar takardu na Atlixco
Herminia Cuautle ta kashe fitilar sama,
ta kwantar da tocila a bakin tebur
don haske ya zo a karkace, yana rarrafe.
Haka ake tambayar tsohon hoto, in ji ta.
In ka haska shi gaba da gaba, ƙarya zai yi maka.

Takardar ta koma launin ruwan shayi.
Kakan kakanta Eusebio ya sassaƙa hoton a katako,
peso tara, rabi a hannu, rabi in an gani an yaba:
ranar da magajin gari ya sha rantsuwa
a barandar majalisa.

A wannan sana'a ba a zuba haske,
ƙwaƙule shi ake yi.
Duk inda ka ga fari, wuƙa ce ta ci wurin.
Baƙin kuwa itace ne da aka ƙyale.
To dubi Don Leandro Ibarrondo,
goshi fari tas, ƙirji fari, safar hannu fara,
kowane maɓallin kwat da 'yar ranarsa.
Kwana huɗu ana yanke naman katako
kafin mutumin ya haskaka.
Ɓarɓashin aka share,
aka hura wutar wake da shi.

Ƙasan baranda duhu ne cunkus.
Wanda ya biya bai leƙa nan ba,
wa ke ƙirga inuwa ranar bikinsa?
Amma matso da tocila.
Ga hular kaba, ga wata, ga wata a bayanta.
Ga mace da kwandon masara, bakinta a tsuke.
Ga alfadari ya juya wa majalisa baya.
Can lungu, tsakanin soja biyu,
akwatin ƙuri'a ne,
kuma a ƙarƙashin murfinsa
akwai zare ɗaya na fari, siriri kamar gashin gira.
A buɗe yake.

Sai batun hannu.
Katako madubi ne, damarsa hagun takarda ce.
Yaron da ya yi wata uku a shago ya san haka,
balle mai shekara talatin yana yi.
Amma ga Don Leandro ya ɗaga hagu,
yana rantsuwa da hannun da ba a gaisawa da shi.
An buga ɗari uku, an manna a bangon kasuwa,
kafin matar akawu ta tsaya,
ta karkata kai,
ta tuntsire da dariya har kwandonta ya faɗi.

A littafin kotu layi biyu ne:
kuskuren ma'aikaci, kwana ashirin,
ragowar kuɗi an riƙe.
A gida zancen ya rabu.
Goggo Eduviges ta ce da gangan ya yi.
Kawu Nicanor ya ce idon tsoho ne ya fara yana.
Shi dai, wai in an tambaye shi,
sai ya tofa wa dutse yawu, ya ci gaba da wasa wuƙa.

A waje an rataye fuskokin 'yan takarar bana,
kala-kala, haƙora reras,
babu inuwa ko a ƙarƙashin haɓa.
Mai gadi ya kaɗa makullai, biyar ta kusa.

Herminia ta jawo katin rajista.
Tsawo, faɗi, cin asu a kusurwar dama.
Ta iso inda aka ce: abin da hoto ya nuna.
Ta daɗe alƙalami na sama.
Sannan ta sake karkata tocila, ta ƙirga da yatsa,
ta rubuta:
mutum arba'in da uku, alfadari ɗaya,
da wani a baranda.